Na'urar karatu da tsofaffi biyun da suka hana ni barci

Auta ce ta kawo min ita, yau wata goma sha huɗu ke nan. Ta shigo ta tarar na miƙa littafi can nesa kamar mai gudun hayaƙi, tabarau ya zamo kan karan hanci, ina ta ƙanƙance ido. Ta tsaya ta kalle ni, ta ce, "Umma, wahalar nan ta isa haka." Bayan mako biyu sai ga ta da wani ɗan falle baƙi siriri, nauyinsa wajen giram 200, fuskarsa inci 7 in an auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Na karɓa na sa mata albarka, a raina kuwa cewa na yi tarkacen durowa sun ƙaru. Ni da waya ma ba ma ga maciji, balle wani sabon allo.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Ba su biya ni talla ba, kuma ina da ƙorafi a gaba. In ma ban da haka, na'urorin nan kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su, abin da zan faɗa a kan tawa zai hau kan yawancinsu.

Amma gara in fara faɗin ma'aunin da na auna ta da shi, don kada wani ya saya a kan maganata ya dawo yana zagina. Ni karatuna iri ɗaya ne tun ina budurwa. Labarin saurayi da budurwa da ke ƙarewa ranar ɗaurin aure bai taɓa riƙe ni ba. Wanda nake nema shi ne na mutum biyu da suka tsufa a ɗaki ɗaya, suka san tarin juna a cikin duhu, har ranar da ɗaya ya riga ɗaya. Irin wannan labari ba ya son gaggawa, ba ya son hayaniya. Tambayata ga na'urar nan ɗaya ce: za ta iya ɗaukar irin wannan nauyin, ko kuwa za ta mai da shi abin dangwale kamar saƙon waya?

Abin da ya fara ba ni mamaki allon ne. Na zaci irin na waya ne mai soka haske a ido, ashe ba haka ba ne. A cikinsa akwai ƙananan ƙwanso miliyoyi, kaurin kowanne kamar silin gashi, cike da ruwa, a cikin ruwan kuma ƙwayoyin launi ne farare da baƙaƙe masu cajin lantarki mabambanta. In aka ɗan ba su wuta, baƙaƙen su taso inda harafi yake, fararen su taso inda babu. Da zarar sun zauna kuwa shi ke nan, ba sa ƙara cin wuta sai an juya shafi. Shi ya sa batirin ke yin makonni. Ni nakan yi karatun awa ɗaya zuwa biyu kullum, kuma sai in yi mako uku ban nemi waya ta caji ba. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro wannan tawadar lantarki, aka kafa kamfaninta a 1997. Sony ce ta fara fitar da na'urar karatu mai irin wannan allo a Japan a 2004, Kindle ya biyo a 2007, Kobo a 2010. Tawa tana da ɗigo 300 a kowane inci, wato ido ba ya bambanta harafinta da na takarda. A rana tsaka ma, inda waya ke dushewa, ita nan ne take ƙara fitowa ras.

Da dare kuma wasu 'yan fitilu ne a gefen allon ke shimfiɗa haske a kan shafin, kamar a haska takarda da aci-balbal mai ladabi. Ana iya rage shi, ana iya mai da shi ruwan ɗorawa. Wannan shi ne abin da ya sasanta ni da Malam. Shekara 29 muna rigima ɗaya: ni ina son fitila a kunne, shi yana son duhu. Yanzu yana minsharinsa, ina karatuna. Na kuma ƙara girman haruffan har shafi ɗaya bai fi layi goma sha biyu ba, na ajiye tabarau a gefe. Wannan kaɗai ya isa in yafe mata abubuwa da yawa.

Sai abin da ba ta yi, wanda a wurina ya fi duk abin da take yi. Ba a kira, ba saƙo, ba wanda zai faɗo a tsakiyar layi ya ce an sa sabon hoto a Facebook. Na taɓa gwada karanta dogon labari a waya. Ina tsakiyar wurin da tsohuwa ke yi wa mijinta wasiyya, sai ga saƙon wani rukuni ana gardama a kan ƙwallo. Da na koma, labarin ya riga ya huce. Irin waɗannan labarai aikinsu tarawa ne. Marubuci zai yi shafi arba'in yana zuba maka ƙananan abubuwa, yadda take gyara masa wuyan riga, yadda yake tsokanarta da wasa ɗaya tun suna yara, kai ba ka ma san ana tara maka bashi ba, sai ranar biya. In ana katse ka kowane minti biyar, bashin ba ya taruwa, ranar biya ta zo ka wuce ido a bushe.

Bari in ba da misali da labarin da ya kayar da ni, don shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Gajeren labari ne na Nikolai Gogol, haifaffen Yukiren da ya yi rubutu da Rashanci, ya fito a 1835. Auta ta sa min tsohuwar fassararsa ta Ingilishi, cikin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Tsofaffi biyu ne a gidan gona, Afanasi mai shekara 60 da matarsa Pulkeriya mai 55, ba su taɓa haihuwa ba. Rabin labarin babu abin da ke faruwa. Su ci, su kwanta, su tashi su ci, ƙofofin gidan na ƙara kowace da muryarta, masu aiki na sace musu kaya ba su sani ba. Na kusa ajiyewa. Na ce wannan mutumin dariya yake wa bayin Allah nan, kuma gaskiya akwai dariyar a ciki. Sai kyanwar tsohuwar ta ɓata, ta bi na dawa. Bayan an cire rai ta dawo a rame, aka ba ta abinci ta ci, tsohuwar ta miƙa hannu za ta shafa ta, sai ta fice ta taga ba ta sake dawowa ba. Tsohuwar ta sa a ranta cewa ajalinta ne ya zo kiranta. Ta kwanta, ba ta damu da kanta ba, damuwarta wa zai kula da tsohon, har ta kira mai aikinta ta damƙa mata amanarsa kamar jariri. Ta rasu, aka binne ta.

Ban yi kuka a nan ba. Na lura da hakan, har na ce to, ashe na'urar ta cinye abin. Na ci gaba. Mai ba da labarin ya koma gidan bayan shekara biyar, ya tarar komai ya lalace, tsohon ya ranƙwafe. Suna zaune aka kawo wani abinci. Tsohon ya buɗe baki zai ce wannan ne abincin da marigayiya take so, sai sunan ya maƙale masa, ya kasa ƙarasa kalmar, faranti ya faɗi, miya ta zube masa a jiki, yana zaune da cokali a hannu hawaye na kwarara. Shekara biyar.

Nan ne abin ya zo min. Ban san lokacin da sautin ya fita ba. Malam ya farka firgigit, ya dafa kafaɗata.

"Hajiya, lafiya? Wani abu ne ya faru?"

Na ce, "Ba komai, Malam, koma ka kwanta."

"Ba komai kike kuka ƙarfe ɗaya na dare? Waye ya rasu?"

Na ce masa wata tsohuwa ce a littafi, kuma ma ta daɗe da rasuwa, shafi goma baya. Ya yi shiru, ya ja tsaki mai taushi, ya ce, "Allah Ya shirye ki," ya juya. Amma hannunsa bai ɗauke daga kafaɗata ba har barci ya sake kwashe shi.

Tun daga ranar na fara lura da inda hawayena ke zuwa a irin waɗannan labarai, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne. Mutuwar kanta mai karatu ya shirya mata, ya ɗaure zuciya, ya wuce. Abin da ke kama shi ba shiri ɗan ƙaramin abu ne da ya rage a baya: kofi biyu da aka ɗauko bisa sabo, takalmi a bakin ƙofa, suna da ya ƙi fita daga baki. Gogol da kansa ya tsaya a cikin labarin yana auna wanne ya fi ƙarfi a kan ɗan Adam, zazzafar soyayya ko sabo. Ya kawo wani matashi da masoyiyarsa ta mutu, ya haukace, sau biyu yana neman kashe kansa, bayan shekara ɗaya aka gan shi yana karta cikin raha, sabuwar amarya tsaye a bayan kujerarsa. Ga kuma tsoho da ba a taɓa jin ya furta kalmar so ba. Mu dai mun daɗe da cewa sabo turken wawa, amma ban taɓa jin tausayin wawan ba sai a wannan daren.

Abin da zan kawo yanzu ba ƙagaggen labari ba ne, kuma ban jera shi da su ba, sai dai shi ne ya faɗo min a rai da asuba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna da Nana Khadija wajen shekara 25. Bayan yaƙin Badar, shekaru da rasuwarta, 'yarsu Nana Zainab ta aiko da fansar mijinta Abul As da ke cikin kamammu, a cikin kayan akwai sarƙar wuya da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenta. Da ya ga sarƙar, tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su sake mata mijinta su mayar mata da kayanta, suka yarda. Tun muna yara muke jin wannan, kuma ko a bakin wa na ji shi, a kan sarƙar nan murya ke rawa.

To, a nan na'urar ta ci jarrabawa. Ta bar ni ni kaɗai da tsohon har bashin ya taru. Yanzu sai inda ta ɓata min rai, kuma wuraren uku duk daga tushe ɗaya suke: tana son ta yi magana a inda ya kamata ta yi shiru.

Na farko wani ɗan rubutu ne a ƙasan shafi da ke gaya maka minti nawa ya rage ka gama babi ko littafi. Tana auna saurin karatunka ne ta yi lissafi. Ga ɗalibi mai jarrabawa wannan abin kirki ne. Ga mai karanta labarin tsoho da ke jinyar matarsa kuwa, kamar likita ne ya leƙo ta taga ya ce saura minti goma sha ɗaya. Na kama kaina ina satar kallon lambar, ina cewa to, ba za ta kai asuba ba ke nan. Na yi wa Auta ƙorafi, ta ce, "Umma, ai littafin takarda ma yatsunki na jin shafukan sun kusa ƙarewa." Gaskiyarta, amma yatsa ji yake yi, ba ya ƙirga. Ta kuma kawo min labarin wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2011, inda Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt suka ba mutane gajerun labarai 12, wasu an riga an gaya musu ƙarshen, wasu ba a gaya musu ba. Waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Wannan ban musa ba, don na gani a kaina. Labarin Gogol sau huɗu na karanta shi yanzu, kuma na huɗun ya fi na farko zafi, domin tun daga shafin farko, duk sanda tsohuwar ta tambaye shi ko zai ɗan taɓa wani abu, na san inda tambayar za ta kai mu. Sanin cewa za a mutu ba ya rage komai, ai kowane aure da haka aka ɗaura shi. Sanin mintin ne ban so. Alhamdu lillahi ana iya kashe lambar, an ɗan taɓa wurin sau biyu ko uku ta ɓace. Wata huɗu na yi kafin in gano.

Na biyu ya fi ban haushi, ko da yake daga baya ya ba ni abin tunani. A littattafan da aka saya daga shagon kamfanin, sai ka ga an ja ɗige-ɗige a ƙarƙashin wata jimla, da ɗan rubutu cewa mutum kaza sun ja layi a nan. Wato kafin jimlar ta taɓa ka, an riga an sanar da kai cewa nan ne wurin taɓuwa. Kamar ka je ta'aziyya a tare ka a ƙofa a ce in ka kai tsakar gida sai ka fara kuka. Na kashe shi. Amma bayan na gama wani dogon labari na wasu ma'aurata da matar ta fara mantuwar tsufa, sai na kunna don in ga inda jama'a suka tsaya. Abin ya ba ni mamaki. Duk inda suka ja layi manyan maganganu ne, irin wanda za a rubuta a kati, so kaza ne, rayuwa kaza ce. Wurin da ya karya ni kuwa, inda mijin ya ci gaba da kwana a gefensa na gado ya bar mata nata fili alhali tana asibiti, babu ɗigo ko ɗaya. Ban yarda ni kaɗai na yi kuka a wurin ba. Ina ganin mutum yana jan layi ne a inda kansa ya ce madalla, inda zuciyarsa ta karye kuwa hannunsa na kan fuskarsa.

Na uku shi ne wanda har yau ban yafe ba. Ka kai layin ƙarshe, tsoho ya bi matarsa, an kwantar da shi kusa da ita kamar yadda ya roƙa. Ka taɓa allo bisa sabo ko akwai saura. Sai ga taurari biyar sun fito, wai ka ba littafin maki, a ƙasa kuma jerin wasu littattafai da hotunansu na talla, wai masu karatu irinka sun sayi waɗannan. Subhanallahi. Ko makara ba a mayar ba an fara ciniki. Akwai wani bincike da masana a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan suka buga a 2015. Sun nuna wa mutum 60 finafinai masu sa kuka, suna tambayarsu yadda suke ji. Waɗanda suka yi kukan, da gama kallo ransu ya fi ɓaci, bayan minti 20 suka dawo daidai, bayan minti 90 kuwa suka fi yadda suka shigo jin sauƙi. Fim ne aka gwada, amma duk wanda ya taɓa rufe littafi ya ɗora shi a ƙirji ya san wannan. Shirun da ke biyo bayan layin ƙarshe yana cikin labarin, a cikinsa ne abin ke narkewa ya zama sauƙi. Wanda ya tsara wannan allon taurari ya sace wa mai karatu awa ɗaya da rabi. Dabarata yanzu, in na ga alamar layin ƙarshe ne, ba na sake taɓa allon, sai in rufe murfin in ajiye. Littattafan da Auta ke sa min daga waje, irin na Project Gutenberg da Michael Hart ya fara a 1971, wanda yanzu ke da littattafai sama da 70,000 kyauta, su ba su cika zuwa da wannan hayaniya ba.

Sauran ƙananan laifuffuka in faɗe su a gurguje. Fayil ɗin PDF wahala ne a kanta, rubutun kan ƙanƙance kamar tururuwa, gara EPUB da ke bin girman harafin da ka zaɓa. Wasu salon haruffan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga harafin ya fito daban kamar baƙo a cikin kalma, dole ka canja salo har ka dace. Komawa baya neman wani wuri da ka tuna abu ne mai cin rai, don ba ka da "wajen tsakiya, shafin hagu, ƙasa-ƙasa" irin na takarda. An ce ba ta jin ruwa, kuma gaskiya ne, amma ɗigon ruwa a kan allo takan ɗauke shi yatsa ne. Ranar nan ɗigo ɗaya ya juya min shafi biyu. Ba sai na faɗi ruwan mene ne ba.

Ƙamus ɗin cikinta kuwa abin yabo ne. Ka danne kalma ma'anarta ta fito nan take. Ga mai karanta tsohon Ingilishi irina, wannan ya cire min tashi neman ƙaton ƙamus a tsakiyar dare.

Malam dai bai bar maganar ba. Bayan kwana biyu ya ce, "Ni abin da ban gane ba, wai mutum ya mutu don matarsa ta mutu. Wannan ai sai a littafi. Kowa da kwanansa." Na ce kowa da kwanansa, babu ja, amma ajali yana da sababi. Likitoci sun daɗe da ganin wannan. A 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Colin Murray Parkes, da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama da matansu suka rasu. A wata shida na farko 213 suka bi matan nasu, wato kashi 40 cikin ɗari sama da yadda ake gani a tsaransu masu mata a raye, kuma ciwon zuciya ne kan gaba. A 1990 kuma likitoci a Japan suka bayyana wata cuta da suka kira takotsubo, inda tsananin tashin hankali ke sa ɗakin hagu na zuciya ya kumbura ya kasa bugawa sosai, har ya ɗauki siffar wani tulu da masuntansu ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da shi. Wajen tara cikin goma na masu kamuwa mata ne, yawanci waɗanda suka manyanta, kuma akasari sukan warke cikin makonni. Na tuna masa da Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, da matarsa Rosalynn. Shekara 77 suna tare, ta rasu a Nuwamban 2023, aka kawo shi wurin jana'izarta a keken marasa lafiya, ya bi ta a Disamban 2024. Malam ya ce, "To ai shi shekararsa 100, Hajiya, me kike so ya jira?" Na rasa amsa, muka yi dariya.

Mutanen da ma sun san wannan fargaba. Gogol da kansa ya kamanta tsofaffinsa da wasu ma'aurata na tatsuniyar Rumawa da mawaƙinsu Ovid ya rubuta shekara 2,000 da suka wuce, talakawa biyu da aka ce su roƙi abin da suke so. Ba su roƙi dukiya ba, suka roƙi kada ɗayansu ya ga kabarin ɗaya. Ina jin wannan shi ne abin da ke ƙarƙashin duk labaran nan, kuma shi ya sa masu aure da suka kwana biyu suka fi kowa kasa jure su. Duk wanda ya daɗe da wani ya san ɗayan biyu ne, ko ya tafi ya bar shi, ko a tafi a bar shi, kuma ba maganar da ake yi da baki ba ce. Ni da Malam ba mu taɓa yin ta ba. Littafi ne kaɗai wurin da nake iya zama in kalli abin ido da ido na awa guda, in ɗanɗana zaman wadda aka bari, sannan in rufe murfi in ji minshari a gefena.

Akwai abu ɗaya da na'urar ba za ta taɓa iya yi ba, kuma ya dace mai saye ya sani. Littattafan mahaifina suna nan a wurina, da rubutunsa na fensir a gefe, da wani shafi da ya kumbura ya yi tabo, ban san ko ruwan sama ne ko wani abu ba. In na buɗe shi, mutum biyu nake karantawa. Littafin da ka saya a shagon na'ura kuwa, in ka duba ƙa'idojin, izinin karantawa aka sayar maka, yana ɗaure da asusunka, ba kaya ba ne da za a raba a gado ko ka miƙa wa maƙwabciya. Shafinsa kuma ba ya tabo. Na sha karanta labarin abin da matattu ke bari a baya a kan abin da ba ya riƙe sawun kowa. Saboda haka 'yan littattafan da suka fi shiga raina, uku ne zuwa yanzu, na sa an nemo min na takarda na ajiye, ko da ban iya karanta ƙananan haruffansu ba.

Wa zan ce ya saya? Wanda idonsa ya fara gajiya, wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai son duhu, wanda waya ta hana shi gama littafi shekara da shekaru. Ranar da ka kunna ta, kafin ka buɗe komai, shiga wurin saiti ka kashe lissafin minti, ka kashe layin jama'a, ka kashe intanet ɗin sai in za ka sauke littafi. Wanda karatunsa na hotuna ne ko manyan takardun aiki kuwa, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Makon jiya wuta ta ɗauke da wuri, muna kwance ba mai barci. Can sai Malam ya ce, "Wai tsohon nan naki mai kuka a kan faranti, karanto min in ji abin da ya yi." Na ƙara hasken kaɗan, na fara daga farko, ina karantawa ina mayar masa da Hausa. Ya yi dariyar ƙofofi masu waƙa. Ya yi dariyar yadda tsohon ke tsokanar matar da cewa in gidan ya kama wuta ina za su koma, har ya ce wannan mutumin ɗan'uwansa ne. Muna isa inda kyanwar ta ɓata, numfashinsa ya canja. Na yi shiru, na rufe murfin.

Da safe yana neman tabaransa, wanda kullum ni ke ɗauke masa daga kan gado in ajiye a kan teburi, ya juyo ya ce, "Af, Hajiya, kyanwar nan ta dawo kuwa?"

Na miƙa masa tabaran, na ce, "Ba ta dawo ba tukuna."